Rigar Ezra da Mama Larai Ta Wanke

Duk wanda ya zauna a Kurmin Mashi ya san Mama Larai mai wankin sojoji. Tun tana amarya mijinta ya kawo ta Kaduna daga wajen Kafanchan, ya yi gadi a barikin sojan sama har Allah ya karɓi abinsa, ya bar ta da yara biyu da dutsen guga na gawayi. Da wannan dutsen ta rene su. Hafsoshi kan tsallake masu injin wanki su aiko mata da kaki, don idan ta ɗora wa wando kari, sai dai wandon ya tsufa da shi.

Tana da baki kuwa, ba a magana. Idan ta ga mutum da wuyan riga mai datti, ko a coci ne, sai ta tambaye shi ko sabulu ya ƙare a garin. 'Ya'yanta ba su taɓa fita da riga a yamutse ba, ko ranar da babu abin ɗorawa a wuta.

Ezra, ɗanta na fari, a cikin kakin mutane ya tashi, yana kai wanki bariki yana ɗaga kai duk lokacin da jirgi ya wuce. Da ya girma ya shiga sojan sama, ya zama makanikin jirgi mai saukar ungulu, irin makanikan da ake tashi da su a cikin jirgin. Ranar da ya fara zuwa gida da rigar aikinsa, mai haɗe da wando, duk baƙin mai a gwiwa, uwar ba ta ce masa sannu da zuwa ba. Cewa ta yi, "Cire wannan abin kunyar ka ba ni."

Jirginsu ya faɗi a arewa maso gabas cikin damina. Aka binne shi tare da abokan aikinsa a can nesa, ba ta ga fuskarsa ba. Abin da ya iso Kurmin Mashi akwatinsa ne, a ciki kuwa akwai rigar aikin da ya cire bai kai ga wankewa ba. Larai ta ɗaga ta, sai wani wari ya bugi hancinta. Warin man jirgi ne, da zufarsa, da man shafawar da yake so tun yana saurayi. Ezra ne sak.

Matar da ba ta iya kwana da datti a ɗaki ta ƙulle rigar nan a leda, ta sa a ƙasan akwati. Idan kewa ta taso mata takan kwance ledar kaɗan, ta shaƙa, ta yi maza ta ɗaure don kada ya ƙare. Abin da ya rage mata na ɗanta ke nan a duniya, kuma ta san da haka.

Bayan wasu shekaru wata hafsa mai suna Nafisat ta zo gidan. Ta ce ana shirya ɗakin tarihi a bariki, za a ajiye kayan waɗanda suka rasu a bakin aiki. "Mama, ko da abu ɗaya ne na Ezra, don a riƙa tunawa da shi."

Larai ta ce ba ta da komai. Blessing, ƙanwar Ezra, ita ta yi ta lallashinta bayan baƙuwar ta tafi. "Mama, idan babu ke babu ni, wa zai san an yi shi? A can kuwa kullum za a karanta sunansa." Da ƙyar ta yarda.

Ranar da za a zo karɓa, ta fito da rigar da safe ta shimfiɗa a kan tabarma. A hasken rana ta ga abin da ba ta gani a ɗaki: wuya ya yi baƙi, hammata ta yi shaci, ga mai a gwiwa. Manyan mutane za su tsaya a gaban wannan, su ce uwarsa fa mai wanki ce? Ba ta zauna ta yi shawara ba. Hannuwan da suka saba suka jawo baho, suka jiƙa, suka cuɗa, suka ɗauraye, suka sa sitaci. Sai da ta shanya, iska ta kaɗo rigar ta taɓa fuskarta, sannan ta ji. Ƙanshin sabulu kawai. Ta cusa hanci a wuya, ta juya hannun rigar ta shaƙa, ta duba aljihu. Babu shi. Ruwan ma ya riga ya bi kwata.

Blessing ta same ta a zaune a ƙasa gindin igiya, ba ta kuka. Da rigar ta bushe Larai ta tashi ta hura gawayi ta goge ta, don ba ta san wani abin da za ta yi ba.

Nafisat ta karɓa da hannu biyu, ta duba. "Mama, ai da kin bar ta yadda take."

"Na sani," in ji Larai.

Ranar buɗe ɗakin aka zo da su a mota. Ga hulunan matuƙa, ga kujerar jirgi, ga kwanson bom an shafe shi da fenti, ga wani tsohon jirgin yaƙi a ƙofa yara suna ɗaukar hoto. Rigar Ezra tana cikin gilashi da sunansa a ƙasa, ta fi kowace tsabta a ɗakin. Wata mata ma ta yaba karin gugar. Larai ta dube ta kaɗan ta wuce.

A gilashi na gaba akwai rigar wani yaro da ba ta sani ba, Jamilu aka rubuta. Tasa uwar ba ta wanke ba. Wuyan ya yi baƙi, gwiwar hannu ta sha mai. A nan Mama Larai ta tsaya, ta jingina goshi da gilashin, har mutane suka watse.

Blessing ta taɓa kafaɗarta. "Mama, ba tamu ba ce wannan."

"Bar ni," ta ce. "Wannan da sauran mai ita a ciki."