Motar Saje ba ta tashi da mutum ɗaya

Da kakar bana shekara tara ke nan da muka kai Saje makwancinsa a bayan majami'ar ƙauyenmu, can kan tudu gaba da Dabai. Shekara tara, biyu daga ciki ban sa ido a kan kabarin ba. Ni ban taɓa zama a aji ba. Ɗiyata Rahila ce ke riƙe da biro, na kuwa gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Ban kira sunansa ba yana raye, ba zan fara yau a jarida ba. Wanda ya san shi ya san Saje mai jif.

In ana tuna mamaci akan ce mai haƙuri ne, mai sanyin hali ne. Mijina ba haka yake ba. Mutum ne mai taurin kai, in ya kafa ƙaho sai dai a kauce masa. Direba ne a soja, kuma yana taɓa kanikanci. Da aka sallame shi na sa rai za mu rufa ɗaki da kwano. Sai ga shi ya dawo da tsohuwar jif da ya saya a gwanjo, koriya, ƙofa ɗaya ɗaure da waya. Ban yi masa magana ba har aka yi kasuwa biyu.

Amma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Hanyar ƙauyenmu duwatsu ce da rafi. Da damina ko babur sai an ɗauke shi a ka. Mace in haihuwa ta zo mata da gardama, a kan ƙyauren ɗaki ake ɗaukar ta zuwa titi, kuma ba kowacce ke kai wa titin da rai ba. Ƙanwarsa ba ta kai ba. Bai taɓa ce mini saboda ita ya sayi motar ba, ni ma ban tambaya ba.

Damina biyu ta yi mana, tana shan fetur kamar ana zuba shi a rairayi, sannan injin ya buga. Na ce to, Allah ya raba mu da wahala. Ashe yanzu aka fara. Ya ji labarin wata ƙaramar babbar mota da ta faɗi a hanyar Mahuta, jikinta ya ragargaje amma injinta lafiya lau, injin gas. A zamanin nan gas ya fi fetur araha. Ya ce mini injin gas ba shi da fulogi, ba ya tsoron ruwan rafi, kuma yana da ƙarfin hawa. Na ce injin wata motar zai sa wa wata? Ya ce in an sami mai haƙuri ko zanen wani ana ɗaurawa.

Ba mu da na'urar ɗaga inji. Abin da muke da shi itacen ɗorawa ne a ƙofar gida, da sarƙa, da 'yan golmonsa. Ga wanda ba ɗan ƙasarmu ba: golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara bakwai kafin a ba shi ita, kuma ba shi kaɗai yake yi ba. Ƙungiya suke yi, yau gonar surukan wannan, gobe ta wancan. Waɗanda suka sha rana ɗaya a golmo sun zama 'yan uwa har kabari, ba a tambayar wa ke zuwa masallaci wa ke zuwa majami'a. Saje ya aika wa nasa, suka zo, wasu da furfura, wasu da tumbi. Malam Tanko, wanda ya fi kowa baki a cikinsu, ya leƙo inda nake tuƙa tuwo.

"Matarmu," ya ce, don haka dukansu ke kirana, "mun zaci mun gama biyan sadakinki tun muna da haƙora. Ashe da saura?"

Na ce masa saura da yawa, kunyar da ya yi wa babana a gona a karkace take, har yau ba a gyara ba.

Da waƙar noma suka ɗaga injin nan. Mai ba da waƙa ya ja, su amsa, sarƙa ta hau taƙi ɗaya. Na ga reshen ɗorawa yana lanƙwasa, na kwashe yara na kai ɗaki.

Rani guda aikin ya ci. Ina zaune ina ɓarar gyaɗa, ba abin da ya wuce ni. Injin ya fi na da nauyi, gaban motar ya durƙusa kamar raƙumi, sai da ya ƙara mata sifirin. Ƙafafun da injin zai zauna a kai ba su dace ba, aka yanke aka sake walda, ya yanko tsohuwar taya ya sa a tsakani don girgiza. Bakin injin da bakin giya suka ƙi haɗuwa, ya zana faranti a kan kwali, ya yi ta safa da marwa wurin mai walda a Zuru har ƙarfe ya yarda. Lagireto, tankin ruwan inji, ya tafasa, ya nemo babba. Murfin gaba ya ƙi rufuwa, ya ɗaure shi da roba. Duk wannan ya ci nasara a kai. Abu ɗaya ya gagare shi: sitata, abin da ke tayar da inji in an murɗa makulli. Inda za ta zauna ƙashin motar ya tare. Ya juya, ya auna, ya yi zagi da yaren bariki. Daga ƙarshe ya cire ta ya ba ni, ya ce in danne murfin tukunya da ita.

Na ce, "Baban Ishaya, mota ba sitata, mi za ya tashe ta?"

Ya nuna mini gangaren ƙofar gidanmu. "Mu mutanen tudu ne. Allah ya riga ya ba mu sitata."

"In ta mutu a kwari fa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana za ta fito. Ya ce, "A kwarin ba mutane?"

Haka aka yi ta. Kullum a kan gangare take kwana, hancinta ƙasa, da dutse a ƙarƙashin taya. In za a tafi, ya zauna, ya sa giya, a cire dutse, ta gangara, ta yi tari biyu, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, shi ke nan ta tashi. In ta mutu a yashin rafi, kowa ya sauko. Fasto ya tura ta, liman ya tura ta, amarya da lalle a hannu ta tura ta. Dokarsa ɗaya ce: wanda zai tura ba ya biya, wanda ya biya ma zai tura. Bai taɓa fita da ita shi kaɗai ba, don ba ta yarda. Ta ɗauki dawa, ta ɗauki gawa, ta ɗauki masu naƙuda da ban san iyakarsu ba. Akwai waɗanda ba su jira asibiti ba, a bayanta aka yanke musu cibi, ni na riƙe wasu. Ita ce ta kai shi asibiti da ƙafafunsa suka kumbura, ita ta dawo da shi. Ɗanmu Ishaya ya gaji sitiyarin.

Shekarun nan duka ina ganin rashin sitatar nan wauta ce ta mai taurin kai. Sai ranar da muka gudu. Da rana tsaka ne, ina shanya kuɓewa, muka ji harbi daga ƙauyen da ke ƙasa da mu, muka ga hayaƙi. Masu babur suna ta bugun kik, wani ya tashi wani ya ƙi. Mu kuwa muka cusa tsofaffi da yara har kan murfi, Ishaya ya zauna, ni na sa ƙafa na ture dutsen na kama ƙofa. Ba ta nemi batir ba, ba ta nemi komai ba. Ta gangara, ta yi tarinta biyu, ta fitar da mu. A ranar na ce a raina, Saje, ka ci wannan gardamar.

Na yi saurin faɗa.

Yanzu muna haya a Zuru, ɗaki biyu, a unguwar da ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, ga yashi. Tun ranar da jif ta shigo filin gidan ba ta ƙara tashi ba. Ni da Rahila da matar Ishaya mun gwada turawa, ko girgiza ba ta yi ba. Injin gas ba ya kamawa da turin wasa, sai an kai shi da gudu. Wani lokaci ina zaune ina kallonta ina tunanin abin da Saje zai ce da ya ga yau. Gas ɗin da ya bi don araha yanzu ya fi fetur tsada. Na san wannan dariya zai yi masa, ya ce kasuwa ba ta da uwa. Abin da ba zai yi wa dariya ba shi ne ya ga motarsa ta shekara biyu a tsakiyar gari, mutane na wucewa ta gabanta safe da yamma, ba wanda ya ce a zo a tura. Ba mugunta ba ce. Kowa da abin da ke cin sa, kuma ba wanda ya sha rana da wani.

Ga abin da ya sa na ce a rubuta wannan. Bana Ishaya ya yi noma a sace. Yana tafiya a kan babur da sassafe, ya yi abin da zai iya, ya dawo kafin rana ta karkata. Allah ya ba da dawa. An yanke ta, tana can a tare a gona, rufe da kara. Babur buhu ɗaya yake ɗauka, masu babur kuma sun ce ko nawa za a ba su ba za su yi ta kai da komo a hanyar nan ba. Motar da za ta hau duwatsun nan ta ƙetare rafi da kaya, a sawu biyu ta kwashe, ita ce wannan da ke gabana. Kowace rana ta wuce, gara na ci, ɓera na ci, kuma ashana ɗaya ta ishi wanda ya ga dama. A nan gida jikokina sau ɗaya suke cin abinci. Ƙaramar ta daina kuka, kuma duk uwa ta san wannan ya fi kukan muni.

Wani mai injin niƙa ya zo ya ga injin, ya buɗe, ya shinshina mai, ya taya. Ishaya yana so ya sayar. Ya durƙusa a gabana ya ce, "Mama, ƙarfe ne. Yaran nan ba za su ci ƙarfe ba. In na kai ta can ta mutu a rafi, wa zai tura? Ni da ke?" Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Na ce kuɗin injin zai kai mu wata nawa? Dawar can za ta kai mu har wata kaka. Kuma ranar da aka ciro injin nan aka ɗaure shi yana niƙa wa mutane masara, ranar muka bar ƙauyenmu da gaske, da gona da kabari duka. Wanda ya sayar da fartanya ya ci tuwon yau, gobe hannu zai miƙa. Ishaya ya ce ya ba ni zuwa Lahadi. Ban ji haushinsa ba. 'Ya'yansa ne.

Na je wurin Malam Tanko, shi ma yana nan gari a gidan 'yarsa. Ɓarin jikinsa ya shanye. Cikin 'yan golmon su biyu suka rage, ɗayan ba ya gani. 'Ya'yan Tanko maza, ɗaya yana bakin daga, ɗaya yana acaɓa a kudu, ɗaya mun binne shi bara. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Matarmu, da a ce turi da baki ake yi, da tuni kin kai gona." Ya yi dariya, sai kuma ya juya fuska bango.

Na sayar da akuyata ta ƙarshe na sayi gas jarka guda. Ishaya ya duba mai da ruwa, ya fitar da iska daga bututu yadda babansa ya koya masa, an ba tayoyi iska. Abin da ya rage maza ne. Waɗanda za su tura ta zuwa gangaren bakin titi, su shiga, su sauko a rafi in ta mutu, su loda dawa, mu dawo kafin la'asar. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, hanyar ba lafiya, ba ni da alkawarin da zan yi wa uwar kowa. Na san abin da nake roƙo. Ni ma nawa ɗan ɗaya ne, kuma shi zai riƙe sitiyari. Ni ma zan shiga, ba zan aika 'ya'yan mutane inda ba zan je ba. Wanda ya tura yana da rabonsa a dawar, dokar Saje ba ta mutu ba.

Ku da aka haifa a bayan motar nan, ko aka kai uwayenku asibiti a cikinta, yanzu kun zama magidanta. Wasunku na nan Zuru, ina ganinku a kasuwa, ina gane ku da kamannin iyayenku ko da ba ku gaishe ni ba. Ku jikokin 'yan golmo, ku tambayi kakanninku mata wa ya ɗaga injin nan da waƙa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar Asabar da hantsi nake so. Ku tambayi masu babur gidan da jif ɗin Saje take, sun sani.

Ina ta auna abin da mutumin nan ya bar mana. Ɗakin kwanon bai samu ba. Motar kuwa tsatsa na cin ta, ko ba yau ba wata rana 'yan gwangwan za su auna ta a sikeli. Abin da ya bari shi ne ya haɗa mota da hannunsa, ya bar ta da gangan ba ta iya tashi sai da jama'a, bai ko ɗauki hakan a matsayin aibi ba. Ban sani ba ko hikima ce, ko kuwa kuskuren mutumin da bai taɓa ganin ƙauye ya watse ba.

Har yau akwai dutse a ƙarƙashin tayarta. Ni na sa shi ranar da muka iso, ko da yake a filin nan ba inda za ta gangara. Ranar Asabar zan fito in tsaya kusa da shi. Ka tambaye ni, Saje, a kwarin ba mutane? Shekara ashirin da ɗoriya ban ba ka amsa ba. Ga mu a kwarin.