Binnen da Baffa ya yi a gonarmu

Ko da zan manta ranar da na karɓi digirina, ba na jin zan taɓa manta ranar da na je fansar gonarmu a Masanawa, na tarar Baffa ya riga ya yi mata binne.

Lokacin da na samu gurbin karatun injiniyan gine-gine da hanyoyi, mahaifinmu ya riga ya rasu, abin da ya bar mana kuwa gona ce guda ɗaya. Kuɗin makaranta ya fi ƙarfinmu. Baffa, yayan mahaifinmu, dillalin hatsi ne a Gwarzo, shi ya ce zai ba da bashi, amma sai an jinginar masa da gonar, ya riƙa nomawa yana cin amfaninta har ranar da aka biya shi. Kafin ya ba da ko kwabo sai da ya zaunar da ni a zaure ya yi mini lissafin duniya. Wai nawa ne albashin injiniya? Wai ga ɗansa yana buga bulo a Kabo, bai san ƙofar jami'a ba, ya yi aure har ya sayi babur. Wai masu digiri nawa ya gani suna jan adaidaita a Kano? Na sunkuyar da kai, amma a raina ban sunkuya ba. Mahaifiyarmu Inna ce ta yanke maganar daga bayan ƙyaure, ta ce a ba shi gonar.

Gaskiya ɗaya ce, lissafin Baffa ba duka ne ƙarya ba. Na gama, na yi bautar ƙasa, na sha zaman jiran aiki. Da aikin ya samu, wajen wani ɗan kwangila ne mai gina kwalbatoci a hanyoyin karkara, albashin kuwa in na faɗa sai ku yi dariya. Duk shekarun nan Inna awo take yi a kasuwa, mace mai gona tana sayen geron da wataƙila daga gonarta ya fito. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, shirun nan kuwa ya fi zagi ciwo. Na ƙuntata wa kaina, garin kwaki ya san ni na san shi, har kuɗin suka cika ana dab da faɗuwar damina.

Saboda ladabi na aika wa Baffa cewa ina tafe. A wajenmu kuwa, in mai riƙe da jingina ya riga ya yi shuka, ba a fansa sai bayan kaka. Ashe da jin saƙona ya kwashi 'yan ƙwadago suka binne iri a busasshiyar ƙasa, ko ɗigon ruwa bai sauka ba.

Mun haɗu a ƙofar gidan mai unguwa, gaban dattawa. Baffa yana cin goro yana murmushi.

"Injiniya, ai ka makara, iri yana ƙasa," in ji shi. Sannan ya ce tunda albashin nawa ya zo daidai da yadda ya faɗa, me zai hana in sayar masa da gonar gaba ɗaya, ya ƙaro mini jari in kama sana'ar kirki.

Nan na gane ba damina ɗaya yake nema ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ajiye kuɗin a kan tabarma na ce, "Baffa, da girmanka, kuɗin nan ba za su koma aljihuna ba. Ka lissafa albashina tun kafin in fara karatu, amma ko sau ɗaya ba ka lissafa kwanon awon Inna ba. Gonar ba ta sayarwa ba ce."

A wajenmu ba a saba jin ɗa ya mayar wa baffansa magana haka ba. Dattawa suka yi ta ja, wasu suna cewa shuka shuka ce, wasu suna cewa irin da bai sha ruwa ba bai zama shuka ba. Daga ƙarshe mai unguwa ya yanke cewa in na biya kuɗin iri da taki da ƙwadago kafin ruwa ya sauka, gona ta dawo. In ruwa ya riga ni, daminar ta Baffa ce.

Ko sisi bai rage mini ba, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Abin da nake da shi kawai tsohon babur ɗin da nake zuwa aiki da shi. Na hau na nufi Gwarzo, na sayar da shi a wulaƙance, na dawo a bayan ɗan acaɓa na zube kuɗin gaban shaidu. Baffa ya ƙirga, ya ce to yanzu ga injiniya a ƙasa. Na ce masa i, amma a ƙasar ubana.

Ruwa ya zo, binnen ya tsiro da kyau, don Baffa ya san irin kirki. Ni kuwa daminar nan a bayan tifar yashi na riƙa zuwa aiki, ban ji kunya ba ko kaɗan.

Abin da na koya shi ne, bashin karatu ba wasa ba ne, duk mai shirin cinsa ya zauna ya auna shi da abin da zai samu, kada ya ruɗi kansa. Amma kada ya bari mai ba shi bashin ya zama shi ne mai yanka masa daraja. Da kaka ta yi, Inna ta dama fura da geron farko, ta zuba a ƙwarya, ta ce in kai wa Baffa da hannuna, tunda shi ya shuka.