Ranar da Agwagwar Turawa Ta Kusa Kashe Aure

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, wasu ma da gangan. Na manta ko shekara nawa na yi ina shaƙar warin sinadarai a kamfanin da nake aiki a Saint-Fons, gefen Lyon, na manta fuskokin rabin masu gidan da suka yi mini ihu. Amma ranar da na kusa rusa auren ɗan wana saboda wani tsohon wasan tele na Turawan Ingila, wannan kam ba ta da ranar fita daga kaina. Da furfurata da komai na tafka wannan aika-aika, don kada wani ya ce yarinta ce.

Ɗan wan nawa aikin sauke kaya yake yi a kasuwar Rungis, can Paris. Ya haɗu da wata ma'aikaciyar asibiti a Stains, wani gari a gefen Paris, iyayenta mutanen Katsina, suka daidaita. To kun san al'ada, uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure da bakinsa, ƙanin uba ake turawa. Ƙanin uba kuwa ni kaɗai Allah ya hore musu a ƙasar nan, don haka ba zaɓa ta aka yi ba, rashi ne ya sa. Yayana, da muke unguwa ɗaya a Lyon, ya raka ni har tashar jirgi yana jan ƙafarsa mai ciwo, yana nanata mini magana ɗaya kamar mai koya wa aku.

"Ka gaisa. Ka faɗi abin da ya kai ka. Ka yi shiru. Abu uku ne kacal, don girman Allah."

Na ce, "Yaya, yaro ne ni?"

Ya ce, "Da yaro ne kai, da hankalina ya kwanta."

A Paris wani dattijo mutumin Cadi ya tare ni, kowa Malam yake ce masa, shi ya san gidajen biyu. Muka ɗauki goro da dabino da alawa muka nufi Stains. Gidan a hawa na takwas yake, kuma asansar mai ɗaga mutane ta lalace, sai da ƙafa. Muka isa muna haki kamar jakunan fatake.

Waliyyin yarinyar baffanta ne, wani gajeren Alhaji mai tura tsofaffin firij da motoci Najeriya. Ya taɓa zama Landan, kuma ya ɗauki alkawari da Ubangijinsa ba zai bar kowa ya manta ba. Ruwa ya miƙo mana, sai da muka ji yadda ruwan Landan yake. A falonsa akwai tele mai faɗin ƙofar masallaci, a kunne take ko da baƙi, kuma a tashar Ingila mai maimaita tsofaffin wasanni. Muka gaisa, ya gida, ya sanyi, ya mutanen Lyon, ya ƙafar Yaya. Abu na ɗaya ya wuce lafiya. Malam ya ajiye goro a tsakiyar darduma, na gyara murya zan shiga abu na biyu, sai wani kiɗa ya taso daga tele. Ban ma juya ba na gane shi.

Dole in mayar da ku baya kaɗan. Garinmu kudu da Maraɗi yake, dab da iyakar Najeriya. Muna yara tele ɗaya ce a garin, ta sarkin fawa, baƙi da fari, da batirin mota take aiki. An ɗaura mata eriya a kan doguwar gora, sai ta jawo tashar Najeriya. Duk Laraba bayan la'asar a fito da ita ƙofar gida, gari ya taru. Wasan da muke jira na wani dogon Bature ne mai rabon wasiƙu a kan keke, agwagwa tana biye da shi. Kullum sai ya je wata ƙofa, ya cire hula, ya yi ta magana, wata mata mai jiki ta amsa masa ta rufe ƙofa garam, sai ka ji wasu mutane da ba a gani sun fashe da dariya. Mu muka raɗa masa suna Mai Agwagwa.

Ba mai jin Ingilishi a garin sai mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, don ya yi gadi shekara uku a wani kamfanin gyaɗa na Turawa a Kano. Shi ake ba kujera kusa da tele, shi ke fassara. Ya ce matar nan uwar mutumin ce. Ya tafi birni ya yi shekara bakwai bai aiko mata ko gaisuwa ba, ga shi yana raba wa duniya wasiƙu, bai taɓa rubuta wa uwarsa guda ba. Yanzu gafara yake nema, ta ƙi. Masu dariyar mutanen gari ne, haka ake yi wa ɗan da uwa ta juya wa baya. Agwagwa kuwa ita kaɗai ta yarda ta bi shi, don ba ɗan Adam ɗin da zai yi tafiya da irinsa. Kowace Laraba da sabon roƙon da zai yi, da sabuwar amsar uwa. Tsofaffin mata har hawaye suke sharewa. Ni kuwa abin ya shige ni. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa bari Juma'a ta wuce ban aika wa tsohuwarmu gaisuwa ba, da kaset, da wasiƙa, daga baya da waya, har ta rasu. Ba wa'azin wani malami ya sa ni ba, tsoron wannan ƙofar ne.

To shi ne na juya a falon Alhaji na ga mutumina, bayan shekaru kusan arba'in, kuma da launi. Ashe ƙofar ja ce. Ashe agwagwar ma ba fara ba ce. Ban san sanda bakina ya suɓuce ba.

"Allah sarki, bawan Allah. Har yanzu uwar ba ta yafe masa ba?"

Alhaji ya ce, "Wace uwa?"

"Wannan mai rufe ƙofar mana."

Ya dube ni, ya dubi Malam, sai ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace. "Uwa? Ɗan'uwa, matar mai gidan burodi ce! Nemanta yake yi duk sanda mijin ya fita. Abin da yake faɗa mata kuwa, ko Malam ba ya nan ba zan iya maimaita shi ba."

Mai hankali a nan zai yi murmushi ya ce ikon Allah, ya koma kan goro. Amma ba mai hankali aka aika ba, ni aka aika. Na ce, "Alhaji, wataƙila wani wasan kake tunawa. Wannan shekara uku na yi ina kallonsa, ya fi kashi ɗari, kowane da labarinsa."

"Kashi ɗari? Duka-duka bai wuce kashi shida ba. Lokacin da nake Landan ko tsofaffi ba sa kallonsa. Maimaita muku ake ta yi. Wannan na yau ma na gan shi makon jiya, yanzu keken zai faɗa kwata."

Keken kuwa, ɗan banza, ya faɗa kwata.

Malam ya so ya kashe wutar, sai ya zuba mata fetur. Ya ce shi ma ya tuna wasan a Injamena, amma can akuya ce ke bin mutumin, kuma limamin coci ne. Alhaji ya ce wancan daban ne, kuma kare ne. Malam ya rantse akuya ce, har da gemu. Dattawa uku, an taru a kan rayuwar mutum biyu, ga goro yana bushewa a gabanmu, muna raba gadon dabbobin Turawa.

Sai Alhaji ya juyo kaina yana share hawayen dariya. "Wai tsaya, wa ya fassara muku ne? Duk wanda ya gaya muku haka, ko dai maƙaryaci ne, ko Ingilishinsa bai wuce yessa ba."

Bai san wanda ya taka ba, wannan gaskiya ce, kuma yau na yarda da ita. Amma a ranar idona ya rufe. Na miƙe na ce, "Ubana ne. Lokacin da yake magana da Turawa baki da baki, kai ko wando ba a fara sa maka ba. Landan ɗin da ka cika mana kunne da ita, in ban da wanke kwanonin mutane me ka je yi?" Na sunkuya na ɗauke goron daga darduma. Wanda ya san al'ada ya san abin da wannan ke nufi: mun fasa. Na fice na bugo masa ƙofa, ina jin kaina wani jarumi.

Jarumtar ta ƙare a hawa na huɗu. Na zauna a kan matakala rungume da goro. Malam ya sauko a hankali ya tsaya a kaina. Ya ce, "Sannu, barde. Ka rama wa wanda ke kabari, ka binne mai rai." Kafin in amsa waya ta yi ƙara. Yaya ne.

"An shafa fatiha?"

Na kwashe labari na gaya masa, ina jiran ya ce ka kyauta, ɗan halak. Sai na ji wani sauti, na ɗauka kuka ne. Dariya ce, har da tari.

"Kai, wai da gaske kake? Baba kalma nawa ya sani? Yessa, nosa, sai kam hiya. Ɗan gadi ne fa, ba akawu ba. Kashi shida ya ce? Ni biyar na ƙirga. Ba ka lura duk bayan ƴan makonni sai keken ya faɗa kwata guda ba?"

Na ce, "Na ɗauka mutumin ne ba ya ɗaukar darasi."

"Kowa ya sani, har sarkin fawa. Don labarin Baba ake taruwa, ba don Bature ba. A garin nan kaf, kai da agwagwar ne kawai ba ku sani ba." Sai muryarsa ta sauya. "Saurara. Ɗana ya yi shekara biyu yana neman wannan ranar. In ka dawo Lyon da goron nan, kada ka biyo ta ƙofata, don ba zan buɗe ba."

Ya kashe waya. Na ga kaina ƙuru-ƙuru, tsaye a ƙofar yayana da hula a hannu, ko agwagwar rakiya ba ni da ita.

Hawa huɗun da na koma sama sun fi mini takwas ɗin farko nisa. Na cire hula na ƙwanƙwasa. Hajiya, matar Alhaji, ita ta buɗe, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta matsa. Na shiga na mayar da goro inda yake, na durƙusa. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. To Alhaji dai gajere ne, amma ni na gaji, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Alhaji, baki shi ke yanka wuya. Ni ba ni da hankali, amma wanda na zo dominsa yana da shi. Kada laifin baffa ya ci ɗa."

Ya kau da kai, yana ta danne-dannen rimot. Sai Hajiya ta yi magana daga bakin kicin. Daga baya na ji ashe malamar Ingilishi ce a Katsina kafin su taso, wato duk gardamar da muke yi, mai ilimin abin tana can tana soya albasa.

Ta ce, "Alhaji, ka ce tsohon bai ji Ingilishi ba. Wa ya gaya maka? Mutum yana zaune a gaban matan gari da ƴaƴansu, Bature yana zuba batsa, in ma ya ji, me kake so ya fassara? Ko dai bai ji ba ya ƙago, ko ya ji ya rufe. Ko wanne ne, ni na yarda ƴarmu ta shiga zuri'arsa. Kai da kake ji sarai, shekara nawa kana kallo, me ka ƙaru da shi?"

Alhaji ya buɗe baki, ina jin Landan zai ambata, sai ya fasa. Tashar, da yake ba ta da aikin yi, ta riga ta sako wani kashin. Ga mutumin ya iso jar ƙofa ya cire hula. Alhaji ya danna rimot ya kashe sautin, ya ce, "To tashi, ɗan tafinta. Me yake ce mata?"

Na dubi tele. Muryar Baba ce kawai ke zuwa mini. Na ce, "Cewa yake, Inna, na san ban cancanta ba. Ban zo da hujja ba, da ƙafata kawai na zo."

Matar ta rufe ƙofa garam, ba sauti. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya jawo goron gabansa ya ce, "Ita dai ba ta da imani. Malam, shafa mana fatiha."

An yi aure, yanzu ƴaƴansu biyu. Alhaji har gobe Mai Agwagwa yake kira na, a gaban kowa, kuma ba ni da bakin hanawa. Yaya ya ce Baba bai ji komai ba, Hajiya ta ce wa ya sani, ni kuwa na daina tambaya. Abin da na koya dai shi ne, in an aike ka neman abu a hannun mutane, ka bar zuciyarka a ƙasan bene, ka hau da goro kawai. Kuma kada ka rantse a kan abin da ka gani kana yaro, don rabinsa ba idonka ya gani ba, wani mai ƙaunarka ne ya gaya maka. Turawan Ingila sun yi wasan banza kashi shida sun manta da shi. Wani ɗan gadi mai kalma uku ya ɗauka ya sa na gai da uwata duk Juma'a har ta koma ga Allah. In wannan ƙarya ce, Allah ya ba ƴaƴana mai yi musu irinta.