Ƙullin Nama na Ƙarshe a Firizar Dulcie

Duk wanda ya ce muku Dulcie Kinnaird mace ce mai sauƙin kai, to bai taɓa tsayawa kusa da ita tana suya ba. Ni Merle na tsaya, shekara da shekaru, domin shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nata a nan ƙauyenmu na gaɓar yamma ta Tsibirin Kudu, inda ruwan sama yake sauka kamar an aiko shi. Ita ce ta yi ta tuƙa motar 'yan makaranta har ta yi ritaya, kuma muryar da take tsawatar wa yara da ita, da ita take yi wa kowa magana, har da fasto. Ba ta iya rarrashi ba. Idan tana sonka, abinci za ta tura maka gaba ta ce ka daina ɓata mata lokaci.

Kowace Juma'a da yamma mu huɗu muke zama a teburinta mu ci boga, wato niƙaƙƙen naman barewa da ake soyawa a sa a tsakiyar burodi: ita, da mijinta Athol, da ƙaninta Rex, sai ni da aka jawo ciki tun bayan rasuwar mijina. Kowa da abin da yake kawowa, kuma ba mai shiga gonar wani. Nama na Athol ne. Shi da Rex suke hawa duwatsu su harbo, shi yake niƙawa a bayan gida, ya haɗa da ɗan kitsen rago saboda naman barewa ba shi da maiƙo, ya ƙulla a leda, kowane ƙulli daidai cin mutum huɗu, ya jera a firiza. Dulcie ke soya kumara, dankalin nan namu mai zaƙi. Rex yana zuwa da ganyen rafi mai ɗan yaji da yake tsinkowa a ruwan sanyi bayan gidansa. Ni kuwa nawa bitirut ne, jan tushen nan da nake nomawa, in dafa, in yanka fale-fale, in jiƙa a ruwan khal cikin kwalba.

A kan bitirut ɗin nan ake rigima kullum. Dulcie ta tsane shi, domin ruwansa ja ne wur, kuma duk mayafin teburin da ya taɓa ya gama yawo.

"Merle, ke da kwalbarki sai kun ga bayan mayafaina," haka take cewa.

"Bar ta," Athol zai ce, yana ɗora yanka biyu a kan namansa. "Boga ba bitirut ai burodi ne da nama kawai. Ko ba haka ba, Rex? Au, na manta, kai ciyawa ka sani."

"Ciyawar da kake cinyewa ka bar ni da kwano," Rex zai amsa. "Yaya, ki duba mijinki, har ya kai hannu na biyu."

"Ku duka biyun ku rufa mini baki, abinci na hucewa."

Haka suke, mijin yaya da ƙanin mata, ba a raba su kuma ba sa minti biyar ba su tsokani juna ba. Ruwan jan nan yana bin hannun Athol har gwiwar hannu, yana lasa yana dariya. Har yau idan na rufe ido ina ganin hannun nan.

Watan Afrilu lokacin ruri ne. Mazan barewa suna kuka a kan duwatsu suna neman faɗa da juna, mazan ƙauyenmu kuma hankalinsu ya bar jikinsu. Kowa ya ɗauki ƙahonsa ya shiga kurmi yana busa kukan namijin barewa, don na gaskiya ya ji haushi ya taso. Athol ya fi kowa iyawa. Idan ya busa a bayan gida, karnukan unguwa sai sun haukace. Dulcie ta saya masa riga mai launin lemo mai ɗaukar ido, irin wadda ake cewa maharba su sa, ya rataye ta a ƙusa ya ce ba zai shiga daji kamar alawar yara ba. Tsohuwar rigarsa ta ulu mai ruwan ƙasa yake sawa.

Ranar da abin ya faru, Athol da Rex sun raba dutse biyu, rafi a tsakani, da alƙawarin ba wanda zai tsallaka. Athol ya ga sawu sabo, ya bi, ya tsallaka. Rex ya ji ruri a gefensa, ya amsa da ƙahonsa. Aka amsa masa. Ya sake, aka sake, kowane karo yana matsowa. Kowannensu ya ɗauka namijin barewa yake ja zuwa gare shi. Da Rex ya ga abu mai ruwan ƙasa yana motsi cikin ganye da hazo, bai jira ya ga kai ba, ya harba.

Shi Rex ɗin ne ya goyo gawar Athol ya sauko da ita har bakin hanya. Na gan shi ranar a ƙofar gidan Dulcie, zaune a kan dakali tsakanin 'yan sanda, yana kallon tafin hannuwansa. Dulcie ta fito, ta dube shi, ta koma ciki ta rufe ƙofa. Ba ta zage shi ba. Ni dai da ta zage shi da ya fi mini sauƙin gani.

An yi shari'a, an yi abin da doka ta ce, an karɓe bindigoginsa. Mutanen gari ba wanda ya juya masa baya, domin kowane maharbi a nan ya san da ƙyar ne ba shi abin ya faɗa wa ba. Amma Rex bai sake taka gidan yayarsa ba, kuma bai sake sa nama a baki ba. Abin da bai bari ba shi ne ganyen. Kowace Juma'a, kafin mutane su fito, za ka ga dami ɗaya ɗaure da zare a kan gimshiƙin ƙofar shingen Dulcie, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Da farko tana barinsa nan ya yanƙwane. Daga baya ta fara ɗauka, amma ba ta taɓa aika masa da ko kalma ba.

Naman da ke firiza kuwa, mun ci gaba da ci ni da ita, shiru, ba bitirut, domin na daina kawowa ba tare da an ce mini ba. Muna soya biyu, ta mayar da sauran gobe. Har ya zama saura ƙulli ɗaya. Nan ta tsaya. Ta ce ta gaji da boga, ƙarya take yi. Sau da yawa na shiga na same ta a ɗakin ajiya, ta ɗaga murfin firiza, sanyi na bugun fuskarta, tana kallon ledar nan da hannun Athol ya ɗaure. Ƙatuwar firiza tana ta gurnani dare da rana a kan ƙulli guda. Idan Afrilu ya zagayo, ruri ya fara saukowa daga dutse, sai ta ƙure rediyo, ko me ake faɗa a ciki.

Rex kuma yana ta ƙarewa. Na haɗu da shi a kanti, ya huda sabbin ramuka a bel ɗinsa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, a kwandonsa ba komai sai ganyen shayi da biskit. Na ji tsoro ƙwarai. Na wuce kai tsaye wurin Dulcie, ban ko cire takalmi ba.

"Kin binne ɗaya," na ce mata. "So kike ki binne na biyu?"

"Fita mini daga gida, Merle."

"Zan fita. Amma ƙaninki mutuwa yake yi, kuma ke kaɗai zai ji maganarki."

Ta yi fushi da ni har ta daina amsa gaisuwata ta kan shinge. Ban ba ta haƙuri ba, don ban ga laifina ba.

Guguwa ce ta raba gardamar. Cikin Afrilun bana iska ta kayar da turakun wuta a hanyar garin Hokitika, muka kwana muka tashi cikin duhu har aka daina lissafi. Firiza ta yi shiru. Ranar Juma'a da safe ina shanya sai na ji muryar direbar mota ta kan shinge.

"Naman ya narke," ta ce. Idanunta sun yi ja. "Ba zan zubar ba, kuma ba zan ba kare ba. Ki zo da yamma."

Ashe tun da asuba ta tsaya a bayan ƙofar shinge cikin yayyafi tana jira. Da Rex ya miƙo hannu zai ajiye daminsa, ta ce, "Ni ba 'yar aikinka ba ce da zan riƙa kwaso maka ganye. Da yamma ka shigo da shi da kanka." Ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce tsayawa kawai ya yi da ganyen a hannu.

Ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin kamar baƙo, hula a hannu, ya ce, "Yaya." Ta ce, "Wanke ganyen, akwai yashi." Da murhun itace muka yi aikin tunda ba wuta. Ta yanka kumara dogo-dogo ta soya, ta yayyanka albasa ƙanana ta cuɗa da naman, gishiri da masoro kaɗai, domin Athol ba ya yarda a rufe ɗanɗanon barewa da tarkace. Ta raba, ta mulmula, ta danna babban yatsa a tsakiyar kowanne don kada ya kumbura. Sai da ta jera su a kaskon ƙarfe sannan ta ga huɗu ta yi. Ta tsaya da cokali a hannu tana kallonsu, mai yana ta ƙara.

Ni kuma tsufa ya sa na ɗauko kwalbata ba tare da tunani ba. Sai da na ga hannuwan Rex a kan teburi na tuna launin abin da ke ciki irin na jini ne. Na tura ta bayan butar shayi. Dulcie ta gani, ta ɗan gyaɗa kai. Muka zauna, ta ɗora masa nama a burodi, ganye a kai, kumara a gefe. Ya daɗe yana kallon farantin.

"Ina bitirut?" ya ce a hankali.

"Ba sai da shi ba," in ji Dulcie.

"Shi ba zai ci haka ba, Yaya."

Na miƙa masa kwalbar. Ya ɗora yanka biyu, ya rufe da burodi, ya ɗauka. Cizon farko, jan ruwan ya fito ya bi yatsunsa, ya gangara tsintsiyar hannu, ya ɗiga a farin mayafin. A daidai nan kuma, tunda ba rediyon da za a ƙure, ruri ya sauko daga dutse, dogo, mai kauri, ya cika kicin ɗin. Wallahi na ji kamar ƙahon Athol ne a bayan gida. Rex ya ƙame, abinci a baki, idonsa a kan hannunsa.

Dulcie ta miƙa hannu ta riƙe wuyan hannun nan mai ja, ta riƙe da ƙarfi.

"Barewa ce," ta ce. "Wannan barewa ce, Rex. Haɗiye."

Ya haɗiye. Yana ci yana kuka, ita ma hawaye na zuba, ba ta share ba, ba ta kuma sake shi ba sai da ya cinye. Sannan ta ɗauki na huɗun daga kasko ta ajiye masa a faranti ta ce ba ta son ragowa. Ya cinye shi ma.

Da zai tafi, ya tsaya a ƙofa yana juya hularsa. "Naman ya ƙare ke nan," ya ce. "Ni kuma ba zan iya sake hawa dutse ba."

"Wa ya aike ka? Ka kawo ganyenka kawai."

Da wuta ta dawo, Dulcie ba ta sake kunna firizar ba. Har yanzu muna zama kowace Juma'a mu uku. Ita da kumararta, shi da ganyensa, ni da kwalbata, sai burodi da man shanu. Na taɓa cewa mu sayo naman shanu a kanti, duka biyun suka dube ni kamar na zagi mahaifiyarsu, ban sake ba. Rex ya ɗan yi ƙiba. Mayafin nan kuwa ta wanke shi ta sake wankewa, tabon bai fita ba, kuma shi take shimfiɗawa.