Inna Mujesira Mai Kaskon Tagulla

Ranar Alhamis, ashirin da uku ga watan Oktoba, gab da sallar Azahar, ladanin garinmu Lukovik ya yi sanarwar da ta tsayar da kowa cik: Inna Mujesira, matar marigayi Hajrudin maƙeri, ta amsa kiran Mahaliccinta tana da shekara tamanin da 'yan kai. Ina tsakar gida ina gasa tattasai na ji, na bar shi a kan wuta har ya ƙone. Dukkanmu na Allah ne, kuma can muka nufa.

Inna, na zauna da niyyar rubuta kalaman baƙin ciki, amma duk abin da na tuno game da ke sai in tsinci kaina ina murmushi, hawaye na zuba. Ki gafarce ni, haka kika rayu a cikinmu.

Da kaka na fara ganinki, shekarar da aka turo ni koyarwa a makarantar garin nan. Ban san kowa ba. Ina wucewa ta ƙofar gidanki da littattafaina, hayaƙi da ƙamshin tuffa suka tare ni. Ga mata cike da tsakar gida, ga ƙaton kaskon tagullar nan da kika gada wurin mahaifiyarki yana tafasa a kan murhu. Ko gaisuwata ba ki bari na ƙarasa ba.

"Ke ce sabuwar malamar? To ajiye takardun nan, riƙe ludayi ki kwashe kumfa. Dubi hannu kamar ba ta taɓa wanke tukunya ba!"

Matan suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Kafin magariba na san sunan kowa, na san wadda za ta aurar da 'ya, na san wanda akuyarsa ta addabi unguwa. Na koma ɗakina da kwalbar maɗin tuffa mai ɗumi a hannu, idanuna jajur saboda hayaƙi. Tun ranar ban sake jin ni baƙuwa ba ce.

Kowace shekara, da ganyen bishiyoyin kan duwatsu ya fara ja, ke ce kike bin gida gida kina kiran gayya. Maza su karkaɗe bishiyoyi, a kai tuffa tsallaken kogi wurin Milorad mai injin matsa na katako, a dawo da ruwan cikin ganguna, a juye a kaskonki. Ranar rabo kuwa ba ki taɓa tambayar buhu nawa mutum ya kawo ba. Gwauruwar da ba ta da ko bishiya ɗaya, da tsohon da 'ya'yansa suka tafi Jamus suka bar shi, kwalabensu kike fara cikawa. Wata ta taɓa yin ƙorafi, kika dube ta sama da ƙasa kika ce, "Ke kika sa wa tuffar zaƙi?" Ba ta ƙara ba.

Amma abin da garin nan ba zai daina ba da labarinsa ba shi ne shekarar da ruwa ya tafi da gada.

An yi ta sheƙa ruwan sama babu ƙaƙƙautawa, a daidai lokacin da aka gama kwashe tuffar gari kaf aka jibge a gidan Milorad, har ya matse fiye da rabi. Da gari ya waye, babu gada. Hanyar da ta zagaya ta kan dutse kuma ƙasa ta zabtare ta rufe ta. Ruwan tuffa yana can, kasko yana nan, kogi yana ruri a tsakani. Kowa ya san ruwan tuffa ba ya jira. Idan ya ɗan kwana biyu ba a dafa ba, ya fara tsami. Ga sanyi ya matso, ga hanya a toshe, ba mai sanin ranar da sukari ko wani abu zai sake shigowa gari. Wahalar shekara guda ce za ta tafi a banza.

Muka taru a bakin kogi, mutanen tsallake su ma suka taru a can, muna kallon juna. Sai ga Milorad, abokin faɗanki tun kuna yara, ya kafa hannuwa a baki ya ƙwala kira:

"Mujesira! Kwantar da hankalinki! Idan kaskonki ba zai zo ba, na san abin da zan yi da ruwan nan. Tukunyar giyata a wanke take!"

Wayyo, Inna! Har yau ina ganin yadda kika ɗaure ɗankwali kika matsa har bakin ruwa.

"Tsohon banza! Tuffar marayu za ka mayar giya ina raye? Taɓa ka gani!"

Nan take kika aika a kira masu saran itace su zo da wayar ƙarfen da suke jawo gungume da ita. Aka ɗaura dutse a siririyar igiya, samari suka yi ta jifa har ta faɗa tsallake, aka ja wayar aka ɗaure ta a manyan bishiyoyi biyu. Kaskon da bai taɓa fita daga gidanku ba tun aurenki aka rataya, aka ja shi yana lilo a kan ruwa yana walƙiya. Da ya isa, ihu ya tashi daga gaɓa biyu.

Mun ɗauka an gama. Muna juyowa sai muka gan ki zaune daram cikin akwatin katako na kwasar tuffa, kin rungume dogon ludayinki, kina cewa a rataya. Kin haura sittin a lokacin. Ɗanki Nusret ya riƙe akwatin.

"Inna, don girman Allah ki fito. Idan wayar nan ta tsinke me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu uwarka ta tafi wanka. To wa zai dafa? Milorad? Sake ni, yaro!"

Aka ja. Mata suka rufe ido suna salati, liman yana addu'a da ƙarfi, a can tsallake Stana matar Milorad tana zana gicciye a ƙirjinta. A tsakiyar kogi akwatin ya tsaya, waya ta lanƙwasa, ruwa yana dukan gindinsa. Sai muka jiyo muryarki ta keto rurin ruwan:

"Ku ja mana! Ko ba ku karya ba ne?"

Suka ja da dukkan ƙarfinsu. Da ƙafarki ta taɓa ƙasa, garin nan ya yi sowar da ban sake jin irinta ba, ko a biki. Milorad ya cire hularsa ya miƙo hannu zai taimake ki, kika ce ya je ya faso itace.

Kwanaki kika yi a can, kina kwana ɗakin Stana, wuta ba ta mutu a ƙarƙashin kaskon ba sai da gangar ƙarshe ta ƙare. Muna hango hayaƙi daga nan muna murna. Kwalaben maɗi suka riƙa dawowa ta kan waya, akwati bayan akwati, kuma ba a jima ba dusar ƙanƙara ta sauko. A sanyin shekarar, kafin a buɗe hanya, burodi da maɗinki yaran ajina suke karyawa da su. Ni shaida ce.

Bana ƙafafu suka ƙi ɗaukarki. Kika sa aka jawo gadonki jikin taga, surukarki Zumreta ta riƙe ludayi, kina ba da umarni ta cikin gilashi da sandarki. Aka kawo miki ɗanɗano a cokali, kika lasa, duk muna jiran faɗa. Sai kika ce, "Ya yi, 'yata. Ya fi nawa." Zumreta ta fita tana kuka, domin ta gane abin da kike nufi. Mako bai zagayo ba kika tafi.

Maza sun kai ki makwancinki, mu mata muna gida muna karatu da zikiri. Bayan sun dawo, Milorad ya shigo da tsohuwar baƙar kwat ɗinsa, yana dogara sanda, 'ya'yansa na riƙe da shi. Ya gaisa da Nusret, ya daɗe tsaye a tsakar gida yana murza hularsa. Can ya ce, "To ni yanzu da wa zan yi faɗa?" Nusret ya jawo masa kujera, suka zauna tare suna kuka.

Allah Ya jiƙanki, Inna Mujesira. Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi. Duk bakin da kika ciyar, duk baƙon da kika jawo cikin mutane, Allah Ya sa ki tarar da ladansa ninki ba ninki. Ya haɗa ki da mijinki Hajrudin a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nusret da Zumreta da jikokinki na gida da na nesa, da Milorad da iyalinsa, da mutanen Lukovik na wannan gaɓa da na waccan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani. Amin.