Ranar da Injiniya Ya Ari Kunnena

A wannan watan maigidana, Injiniya Haruna, ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Abokan aikinsa sun sha ba da labarin manyan injinan aikin hanya da ya kula da su a ma'aikatarsu. Ni ban san wannan ɓangaren ba, don malamar firamare ce ni a Garki har na ajiye aiki. Abin da zan iya bayarwa shi ne labarinsa da wata tsohuwar mota, da ranar da ya nemi taimakona a kanta.

Farar mota ce ƙirar Faransa, mai giya huɗu. Tun muna Legas ya saye ta, a cikinta muka yi ƙaura zuwa Abuja, yara uku a baya, tukwanena a but. Da mulkin farar hula ya dawo, gari ya buɗe, titunan Abuja suka cika da manyan motoci masu baƙin gilashi, maƙwabtanmu kowa ya sauya tasa. Shi kuwa ko a jikinsa. Kowace Asabar zai ɗaga bonet, ya tayar da inji, ya karkata kai yana sauraro. Yakan ce mota ba ta lalacewa sai ta yi ta kai ƙara tukuna, masu ita ne ba sa ji.

Sai ga shi wani zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi. Allah ya ba shi lafiya, amma ya tashi kunnensa na dama ya mutu gaba ɗaya, na hagu kuma sai an matso kusa an ɗaga murya. Bai daɗe ba ya yi ritaya. Mutumin da ya fi kowa son hira ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, domin sai a kwashe da dariya shi bai san abin da aka faɗa ba. Babban ɗanmu Kabiru ya kawo masa na'urar ƙara ji, ya jefa ta a durowa, ya ce shi ba rediyo ba ne da za a sa masa batir. Ya koma wuni a falo yana kallon bango. Wannan shirun ya fi ciwon tayar mini da hankali.

Wata rana muna dawowa daga suna a Paikon Kore, gidan wata Bafulatana da ta daɗe tana kawo mana nono, sai na ji motar tana wani kuka daga ƙarƙashinmu. Na dube shi, yana tuƙinsa hankali kwance. Duk tsawon hanya ina tunanin yadda zan gaya wa mutumin nan cewa motarsa tana kuka bai ji ba. Sai da muka tsaya a ƙofar gida na matsa kusa da kunnensa na faɗa masa. Ya kashe motar. Daga nan ya fita ya shige ɗaki, abincin ranar ma bai taɓa ba.

Washegari Bulus ya zo, bakaniken da ya daɗe yana taya shi aikin motar, kuma suna ganin girman juna sosai. Ya zagaya da ita ya dawo ya ce, da irin Hausarsa ta Abuja, "Oga, giyabos ya gaji. Sai dai a sauke a nemo wani, kuma irin wannan ya yi wuya yanzu." Kabiru dama abin da yake jira ke nan. Ya ce a rabu da ita haka nan, zai kawo wa Baba wadda take sauya giya da kanta. Na san ɗana da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma na ga yadda fuskar mahaifinsa ta yi. An raba shi da ofis, an raba shi da hira, yanzu kuma saura motar. Abin da ya ce kawai shi ne a bar shi zuwa Asabar.

Ranar Asabar da hantsi ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Malama, ɗauko mayafinki. Aron kunne na zo."

Muka ɗauki hanyar Jiwa, wadda a lokacin gonaki ne dama da hagu, ba hayaniya. Ya tsaya a gefen wata gonar doya ya yi mini bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Idan na ji kukan in ɗaga hannu, idan ya ɗauke in sauke, kada in ƙara komai, kada in rage don in faranta masa.

Muna tsaye, inji yana aiki, giya a firi, na ji kukan a hankali, na ɗaga hannu. Ya taka kuloci, kukan ya yi ƙasa har ya ɓace, na sauke. Ya saki, ya dawo. Ya gyaɗa kai ya ce to ba kulocin ba ne, da shi ne da sai an taka zai yi kuka. Muka tashi. A giya ta ɗaya hannuna yana sama, ta biyu ma haka, a ta uku kukan ya ƙara kaifi. Yana jefa ta a ta huɗu sai shiru, kamar an rufe ƙofa. Na sauke hannu. Ya juyo ya kalle ni.

"Kin tabbata, Malama? Ba gajiya hannun ya yi ba?"

Na matsa na ce, "Alhaji, babu komai sai iska."

Ya koma ta uku, na ɗaga. Ya koma ta huɗu, na sauke. Muka yi ta maimaitawa har wasu mata masu ɗauke da itace suka tsaya suna ɗaga mana hannu, sun zaci gaishe su nake yi. Ya ce da daga ƙafafun baya kukan yake, da ba ruwansa da wace giya aka sa, gudu kawai zai bi.

Saura tambaya ɗaya. Ya faka ya ce in kwaikwayi kukan a kunnensa: ƙwanƙwasa ne ko gurnani? Ni da girmana, uwar 'ya'ya, na kafa baki a kunnen mijina a bakin hanya ina yin kukan injin markaɗe idan an jiyo shi daga bayan layi. Ya saurara da gaske, ido a rufe. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya kwanta ciwo.

Da muka koma gida, ya gaya wa Bulus cewa haƙoran giya lafiyarsu ƙalau, da sun karye da ƙwanƙwasa za a ji. Boris ne ya cinye, wato zoben nan mai 'yan ƙwallaye da ke riƙe sandar ƙasa a cikin giyabos, wadda giya ta huɗu ba ta ɗora wa nauyi. Bulus ya ce zai yiwu, amma sai an buɗe. Su biyu suka kwance giyabos ɗin a tsakar gidanmu a kan buhuna. Da aka zaro zoben, Injiniya ya juya shi da yatsa, ya miƙo mini ya ce in taɓa in ji yadda yake karta kamar an zuba yashi. Ya ce wa Bulus, "Ni lissafi kawai na yi. Ga wadda ta gano shi nan."

Ranar da aka haɗa motar, ba wanda ya ce masa komai, ya buɗe durowa ya ɗauko na'urar nan ya maƙala, ya ce yana so ya ji da kansa ko an gyaru. Bai sake cire ta ba. A makon ya koma majalisa.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Hanyar Jiwa ta cika da gine-gine, gonar doyar nan ban ma iya gane wurinta ba. Jikokinsa idan mota ta yi ciwo sai a jona mata kwamfuta ta faɗi abin da ke damunta. Na san ba zai raina wannan ba, mutum ne mai son sabon ilimi, zai sa kujera ya zauna sai an nuna masa yadda take aiki. Abin da zai ba shi haushi shi ne direban da ke jin baƙon sauti ya ƙara wa rediyo murya.

Bayan gyaran ne ya dage sai na koyi tuƙi, ina da shekara hamsin da ɗoriya. Na kashe masa mota a tsakiyar titi ba adadi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ban fahimci hikimarsa ba sai a ciwonsa na ƙarshe. Da safiyar da numfashinsa ya tsananta yaran duk ba sa gari, ni na sa shi a motar na nufi asibiti. Na manta da giya gaba ɗaya, inji yana ta ihu. Sai na ji tafin hannunsa a kan nawa, ba ƙarfi a cikinsa.

"Malama, a hankali," ya ce. "Sa mata giya ta uku. Za mu isa."

Mun isa. Bai dawo gida ba.

Mutane suna tuna shi da ƙwarewa, kuma ya cancanta. Ni abin da ya zauna mini shi ne, mutum ne mai ji da kansa, amma da Allah ya karɓi abin da ya fi taƙama da shi, bai tsaya a fushi ba, ya zo ƙofar kicin ya nemi taimakon matarsa, aka yi nasara kuma ya ce tata ce. Ko a safiyar da ya fi kowa bukatar lallashi, ni ya lallasa. Allah ya jiƙan Alhaji, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.