Gidan da Muka Saɓa a Kafaɗa

Ko zan manta komai na zamana a Kuala Lumpur, ban da ranar da na saɓa gidan wata tsohuwa a kafaɗata.

Lokacin ina zaune a unguwar Sentul, ina karatu a kan yadda ƙasa ke lotsawa a saman tsofaffin ramukan kwal. Malaminmu yakan kai mu wani ƙauye a bayan birni, inda aka daɗe da daina haƙa. Mahaƙa sun bar ginshiƙan kwal suna tallafe da rufin ramukan, ruwa kuma ya shiga yana cin su a hankali. Mu kuwa mun kafa turaku, duk wata muna auna yadda suke nutsewa.

Turakun da suka fi sauka su ne na gefen gidan wata tsohuwa da muke ce wa Makcik, wato gwaggo. Ƙofarta ma ta daina rufuwa. Awonmu ya nuna wajen zai iya burmawa idan ruwa ya yi yawa. Da malam yake faɗa mata, sunkuyar da kai na yi, don ba sau ɗaya ta cika mini ciki da shinkafa ba.

Ita ko gezau. "Boleh lah, zai yiwu," in ji ta. "Sai mu ɗauke gidan."

Na ce a raina tsufa ya zo. Ashe al'adarsu ce. Gidan na katako ne a kan ƙafafu, aka yi gayya, aka zura gora ta ƙarƙashinsa, mazan ƙauye har da ni muka sa kafaɗa, muna salati har kan tudu.

Bayan an dire gidan, ana cikin cin abinci na neme ta na rasa. A tsohon filin na same ta, dafe da wata bishiyar kwakwa.

"Ɗana, a gindinta na binne cibiyar 'ya'yana duka," ta ce. "Wannan wace kafaɗa za ta ɗauka?"

Nan take durumin gidanmu ya faɗo mini, inda Inna ta binne tawa, ga shi shekaru ban leƙa ba. Na tsaya kusa da ita ina hawaye ba kunya.

Filin ya burma daga baya, ya tafi da kwakwar. Tun ranar na gane cewa ya kamata mutum ya ziyarci tushensa tun ƙasar tana riƙe da shi. Hutun da ya biyo baya, a gindin durumin nan na yi shi.